Badagry ko Kalaba?

Jama'ar unguwa! Tura ta kai bango. Bana ma an ƙara mana kuɗin haya, sai muka zauna da uwargida muna lissafin barin Abuja zuwa bakin teku, inda ɗaki bai kai tsadar nan ba. Gari biyu muka tsayar: Badagry da Kalaba.

Badagry ta fi jan ɗan kasuwa, ga iyakar Seme a kusa, ga Ikko, ga Kwatano. Amma ban manta rufe iyakar da aka yi a Agustan 2019 ba, sai Disamban 2020 aka buɗe, jarin mutane da yawa ya narke. Kalaba kuwa ga nisa, ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, sai dai akwai Bogobiri, unguwar Hausawa, kuma ƙaninta na can.

Uwargida ta ce, "Malam, bar lissafin riba. Badagry akwai Musulmi, amma wa ka sani? In ciwo ya kwantar da kai, wa zai leƙo ka?" Na yi shiru, don gaskiya ta faɗa.

Kalaba muka zaɓa, bayan Babbar Sallah in Allah ya kai mu. Saura limancin Asuba. Ku fara duba wanda zai karɓa, kuma ku yafe mini.