Ido Ba Mudu Ba Ne

Mahaifina magini ne a unguwar Sabo ta Ibadan. Tun ina yaro, in aka kira shi duba bangon da ya tsage, ba ya saurin cewa komai. Sai ya kwaɓa siminti kaɗan, ya shafa a kan tsagar, ya ɗauki ƙusa ya rubuta kwanan wata a gefe, ya ce wa mai gida zai dawo bayan wata biyu. In ya dawo ya tarar simintin ya dare, to tsagar mai rai ce, ginin yana motsi. In kuwa yana nan lafiya, matacciya ce, a cike ta a yi fenti. Ni dai a wancan lokaci dabarar masu tsufa na ɗauke ta.

Ina aji uku a nan jami'a aka haɗa ni ɗaki da wani Bayarabe mai karanta injiniyanci, muna ce masa Injiniya. Kundin digirinsa a kan auna miƙewar ƙarfe ne idan aka ja shi. Da ya gaya mini sai na yi dariya, domin a sanina roba ce ke miƙewa. Ya ce kowane abu yana miƙewa ko ya motse in an ɗora masa nauyi, ido ne kawai ba ya gani. Rodi mai tsawon mita ɗaya in ya ƙaru da milimita ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na tsawonsa, ya sha ja sosai, amma ba mai lura ko da ya ƙura masa ido. Wannan ƙarin da ake rabawa da tsawon asali shi injiniyoyi ke nema. Na daɗe ina juya yadda zan kira shi da Hausa, daga ƙarshe na tsaya a kan "gwargwadon miƙewa", duk da har yanzu bai kwanta mini ba.

Tun 1938 ake da wani ɗan ma'auni na siririyar waya da ake mannawa a jikin ƙarfe don wannan aiki. Matsalarsa biyu ce: wurin da aka manna shi kaɗai yake ba da labari, kuma in an manna an gama, ba a ɓamɓarowa a sake. Injiniya ba shi da kuɗin sayen da yawa, don haka ya koma ga hanyar hoto, wadda masana a Jami'ar South Carolina ta Amurka, irin su Peters da Ranson da Sutton, suka ɓullo da ita a 1982 da 1983. Manhajar da ya samu, Ncorr, kyauta ce. Abin da ya rasa shi ne ɗan aike, ni kuma ga ni.

Ranar farko na ga abin mamaki. Ya ɗauko ɓallin ƙarfe mai huda a tsakiya, ya fesa masa farin fenti, da ya bushe ya tsaya nesa ya yayyafa baƙi, har ya yi ɗige-ɗige kamar jikin zabo. Na ce me ya sa zai ɓata ƙarfe mai kyau? Ya ce ƙarfe mai santsi ko'ina iri ɗaya ne, kwamfuta ba za ta iya bambanta nan da can ba. Ɗigon kuma dole ya zama barkatai, kada ya yi layi, domin kowane ɗan yanki ya sami kamarsa shi kaɗai. Ana ɗaukar hoto kafin a ja, a riƙa ɗauka ana cikin ja. Manhaja sai ta yanka hoton farko gida-gida, ta bi kowane gida ta nemo inda ya koma a hoto na gaba. In gidaje biyu maƙwabta sun nisanci juna, wurin ya miƙe ke nan. Ya yi mini lissafi: in hoto mai ƙwayoyi 4,000 a tsaye ya ɗauki tsawon milimita 200, kowace ƙwaya milimita 0.05 ce, kuma in komai ya daidaita ana iya gano motsin da bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na ƙwayar ba.

To, mai karatu, a nan ne na yi ɓarna. An ba mu injin ja na awa biyu kacal, ɓallin ƙarfe kuma uku ne. Aikina in tsaya kusa da kyamara in riƙa danna maɓalli. Ana tsakiyar gwaji ƙafata ta taɓa sandar kyamarar, ta ɗan ja baya. Na yi shiru, a raina na ce ai wannan bai kai a yi magana ba. Da dare ya zuba hotunan a kwamfuta, sai sakamako ya nuna wai ƙarfen da ake ja motsewa ya yi. Ya dafe kai ya fi minti biyar. Sai da na ga yana shirin zargin manhajar sannan na faɗi gaskiya. Bai yi faɗa ba, wanda hakan ya fi faɗan ciwo. Ya dai bayyana mini cewa kyamara ɗaya ba ta san zurfi ba: abu in ya yi nisa sai ya ƙanƙance a hoto, kwamfuta kuma ta ɗauka shi ne ya motse. Shi ya sa masu hali ke kafa kyamara biyu, kamar idanun mutum.

Sati uku muka jira kafin a sake ba mu injin. Wannan karo an ɗaure sandar da bulo, ni kuma ko tari ban yi ba. Da hoton ya fito, ƙarfen ya zama kamar zane mai launi, shuɗi a inda ja bai yi yawa ba, ja wur a gefe biyu na hudar, inda lissafi ya nuna ƙarfin ja yana ninkuwa kusan sau uku. Jan ya bayyana tun ƙarfen yana nan sumul a ido, kuma daidai nan ya tsinke.

Da na je hutu na tarar bangon ɗakin Inna ya tsage daga kusurwar taga, da shafin siminti a kai da kwanan wata. Na zauna na kwashe labarin nan kaf na gaya wa Baba. Ya saurara yana gyaɗa kai, ya ce, "Wato su ma sai sun sa alama sun dawo sun duba." Na ce haka ne, Baba, sai dai alamarsu dubbai ce. Ya ce to in ɗauki hoton bangon in kai wa abokin nawa. Na ɗauka da waya. Injiniya ya duba ya ce hoton da aka ɗauka a hannu, guda ɗaya tal, ba abin da zai gwada shi da shi. Kafin ƙarshen damina simintin Baba ya dare, Inna ta kwashe kayanta ta koma ɗakin gaba, aka fara tonon gindin bangon.