Ƙasar Da Ta Ƙi Shan Ruwa

A watan Fabrairu aka tura ni gwajin koyarwa a wata makarantar firamare da ke kusa da Terminus, a tsakiyar Jos. Ran da na isa, Hedimasta ya ce ban da aji biyar, lambun makaranta da filin ƙwallo suna hannuna, kuma Malamin da zai zo daga kwalejinmu duba aikina zai duba su duka.

Na yi murna ƙwarai, gama a makarantar Mishan da na yi an koya mana aikin lambu da igiya da ma'auni, har na taɓa cin kyautar littafi. Abin da na manta shi ne, can muna da rijiya wadda ba ta ƙafewa. Nan kuwa famfo sai ya kwana uku bai ɗiga ba. Damina ba ta yi wa Jos rowa, amma daga Nuwamba zuwa Maris da ƙyar a ga ɗigo, ga iskar hunturu tana busar da kome.

Sai na kafa doka, kowane yaro ya zo da galan ɗaya na ruwa da safe. Rabi mu kwarara a filin ƙwallo, rabi a kan kabeji da karas. To, ga abin mamaki. Da an zuba, sai ruwan ya dunƙule bisa ƙasa kamar an zuba a kan ganyen gwaza, ya gangara kwata. Na ce ruwan ne ya yi kaɗan, na mai da galan biyu.

Ran nan ina cikin aji sai ga uwar wata yarinya a bakin ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, ruwan nan da ka ke ba ciyawa, saye na ke yi wurin 'yan garuwa. Jiya ƙannenta ba su yi wanka ba." Kai, ban taɓa jin kunya irin ta ran nan ba!

Da Asabar ta zo na gangara bakin kogin Dilimi, inda masu lambu su ke. Su ne, da waɗanda ke ban ruwa daga tafkunan da haƙar kuza ta bari wajen Rayfield da Bukuru, ke cika kasuwar Farin Gada da kayan lambu tsakiyar rani. Na iske wani tsoho, na gaishe shi, na faɗa masa damuwata. Washegari da yamma ya biyo ni makaranta. Ya zuba gwangwani ɗaya, ya tona da yatsa, ya nuna mini. Sama ta jiƙe, ƙarƙashi kuwa ƙura.

Ya ce, "Ɗana, ƙasar da ta daɗe da ƙishi ba a ɗura mata ruwa. Ka taɓa ganin an ba mai dogon azumi tulu ya kafa kai?"

Na ce, "A'a, Baba."

Ya sa muka farfasa ɓawon ƙasar da fartanya, muka yayyafa ruwa kaɗan, muka dakata kamar rabin sa'a, sa'an nan muka zuba sauran. Wannan karo ta shanye sarai. Ya dubi kunyoyina masu tudu, waɗanda na ja da igiya yadda aka koya mini, ya yi dariya, ya ce aikin damina ne. Da rani fangali a ke yi, watau a nutsa tsakiya a ɗaga gefe, ruwa ya tsaya inda aka sa shi. Muka haɗa taki da toka, muka rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa, ya kuma hana ni ban ruwa da rana tsaka.

Daga baya na karanta dalilin. In ƙasa ta bushe ƙwarai, wani maiƙo daga ruɓaɓɓen ganye kan lulluɓe ƙwayoyinta, ruwa ya kasa kama su. A Turai har magani a ke sayarwa na fesa wa filayen wasa, aikinsa irin na sabulu ne. Na gwada ruwan wankin hannun yara a gefen fili, lalle kuwa ya fi saurin shiga. Amma fa ban kai shi kan latas ba.

Batun filin ƙwallo kuwa, tsohon ya ce in rabu da shi. Kiri-kiri ce, ba ta mutu ba, barci ta ke, saiwarta na nan da rai. Na soke dokar galan. Ran da famfo ya kawo mu cika duro biyu, su ishe lambu.

Malaminmu ya zo ƙarshen Maris. Ya yaba kabeji, ya tsaya ya dubi fili ja wur, ya rubuta cewa na yi sakaci da shi. Na yi bayani, ya ji, amma bai goge ba. Har yanzu abin na ɗan ci mini rai.

Ruwan fari ya sauka cikin Afrilu, bayan na koma kwaleji. Hedimasta ya aiko mini cewa kafin mako biyu fili ya yi kore. Kabejin kuwa an raba wa yara, na roƙa a ba yarinyar nan mafi girma ta kai wa uwarta.