Filin Da Bututu Ya Ratsa

 Na lura a 'yan shekarun nan mata sun farga, mace in ta kwashi adashe ko ta sayar da 'yan kunnenta na gwal ba ta ƙara zuba kuɗin a kwanuka da atamfofi, fuloti take nema. To madalla. Sai dai akwai wani irin fili da ake yawan tallata mana a nan Kwangila, mai arha har ki riƙa mamaki, in kin tambayi dalili sai dillali ya gyara hula ya ce, "Hajiya ai layin bututu ne ya ɗan taɓa gefensa, amma tuni suka saki wajen." Wannan kalma ta "sun saki" ita nake so mu zauna a kanta.

Ƙasar Zazzau dai ta daɗe da sanin bututu. Tun da aka buɗe matatar mai ta Kaduna a 1980 akwai bututun da aka binne don tura fetur da kananzir da gas zuwa Kano, ta Zariya ya bi, a nan kuma ya yi reshe ya nufi Gusau. Sannan ga na bayan nan, wato bututun iskar gas da ake kira AKK, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikinsa ran 30 ga Yuni 2020, mai tsawon kilomita 614 da kauri inci 40, daga Ajakuta ta jihar Kogi ya biyo Abuja da Kaduna ya nufi Kano. Duk inda waɗannan suka bi, gonakin mutane suka ratsa. Da can daji ne, yanzu gari ya bunƙasa ya je ya same su, gonakin kakanninmu sun zama fulotai.

Abin da yawancinmu ba mu gane ba shi ne, tun dokar mallakar ƙasa ta 1978 ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, mu izinin zama da amfani kawai muke riƙe da shi, kuma shimfiɗa bututun mai yana cikin dalilan da dokar ta yarda a karɓi wuri dominsu. Diyyar da ake biya ta abin da ke kan ƙasar ce, gini da shuka da itatuwa irin su ɗorawa da mangwaro. Akwai kuma tsohuwar dokar bututun mai ta 1956 da ta ba mai lasisi ikon shiga zirin da aka yanka masa, ya tona, ya gyara, ya sake binnewa. Shi ya sa a kan wannan ziri ba a gini, ba a haƙa rijiya ko masai, ba a dasa itace mai dogon saiwa. Ko da kakanki ne ya sare dajin da hannunsa.

Ni a gidanmu na ga yadda abin yake. Da kakanmu ya rasu aka zo rabon gonarsa da ke bayan gari, Goggona ita kaɗai ce mace cikin maza 3, tana kulle, ɗanta ƙarami ta aika ya tsaya mata. Aka ja igiya aka auna, aka ba ta rabin abin da kowane namiji ya samu kamar yadda shari'a ta ce, a ido babu zalunci ko kaɗan. Ashe kason nata shi ne ɓangaren da turakun siminti suke jere, bututu na kwance a ƙarƙashi. Shekaru ana noma mata gyaɗa da wake a gefe ba wanda ya ce uffan. Sai da mijinta ya rasu ta ce bari ta gina ɗakuna 4 ta zuba 'yan haya, ɗalibai ga su nan birjik a Zariya, magini ya fara haƙa tushe, kwana 2 aka zo aka tsayar da shi.

Da ta koma wa yayyenta da maganar, babban ya ce, "Haba ƙanwata, ai kowa da rabonsa, ƙuri'a ce ta faɗa miki." Ita kuwa ta ce, "Yaya, wa ya ga ƙuri'ar? Ni dai ban gani ba." Kai, zumunci ya sha wuya a shekarar nan, har bikin 'yar ɗayansu ba ta je ba. Daga ƙarshe gaban alƙali aka je, ya sa aka yi wa gonar kuɗi ɓangare-ɓangare, don ƙafa 100 da za a iya gini a kai ba ɗaya take da ƙafa 100 da aka hana taɓawa ba. Aka yanko mata ƙari daga na mazan. Wannan kam ina roƙonki ki riƙe shi, in ana rabon gado ki tambayi darajar kasonki a kuɗi, kada ki tsaya ga tsawon igiya.

Saura kuma batun sakin. Lokacin da ake shimfiɗa bututu ana buƙatar wuri mai faɗi, inda katafila za ta bi, a tara ƙasa, a jera ƙarafa a yi walda. In an gama, wanda ake riƙewa dindindin bai kai wannan faɗin ba. Mutanen ƙauye kuwa abin da idonsu ya gani ranar aiki shi suke gudu har jikoki. A Amurka ma haka ta faru ta wata fuskar, tsofaffin takardun da manoma suka sa wa hannu sun ba kamfani iko a kan gonar gaba ɗaya, sai daga baya magada su nemi kamfanin ya rubuta cewa ya saki sauran ya riƙe zirin da bututun yake kawai, a kai takardar ofishin rajistar filaye a shigar. To ki lura, can ma da takarda ake saki.

Goggo ta ɗauki safiyo mai lasisi ya auna ya zana, lauya ya rubuta wa masu bututun, suka aiko ma'aikatansu suka duba turakun, bayan watanni aka ba ta wasiƙa da zane mai nuna inda iyakarsu ta tsaya. Sai ga shi kusan sulusin wajen da ake tsoro ba ya cikin nasu. Da wannan wasiƙa ta nufi KADGIS, hukumar filaye ta jihar Kaduna, neman takardar mallaka, sannan izinin gini. Kuɗi sun tafi, ba ƙarya, har akuyoyinta sai da ta sayar. Amma zirin tsakiya yana nan yadda yake, ko bulo ɗaya ba ta ɗora ba.

Dillalai suna da wata magana mai daɗin ji, wai ai matatar Kaduna ta yi shekaru ba ta aiki, tankoki ne ke jigilar mai, bututun ya mutu. 'Yar uwa, ikon masu shi bai mutu ba, ranar da suka tashi gyara katafila za su turo, kuma ginin da aka yi a kan layi bayan an riga an biya diyya ba a sake biyan wata dominsa. Shi ma mai unguwa da ya sa miki hannu a takardar ciniki shaida ce kawai ya yi cewa kin biya, ba shi da ikon sakin abin da ba nasa ba. Ga kuma abin da ya fi rushewar gini. A Jesse ta jihar Delta a watan Oktoba 1998 gobarar bututu ta ci mutum sama da 1,000. A Ijegun ta Legas a watan Mayu 2008 motar gyaran hanya ce ta fasa bututu, wuta ta bi gidaje har ta kai ga makaranta. A Abule Ado a watan Maris 2020 makarantar kwana ta 'yan mata ce fashewar ta rutsa da ita, shugabarsu ta rasu wajen fitar da ɗalibanta.

Saboda haka in an kawo miki tallar fili, ki sa mayafinki ki nemi izinin maigida ki je da ƙafarki, ko ki tafi da wanda kika amince da shi ba wanda dillali ya kawo ba. Ki zaga, ki duba turaku da allunan gargaɗi, in kin ga wani miƙaƙƙen fili kamar hanya ya ratsa unguwa babu gida babu itace a kai, ki tambayi tsofaffin wurin mene ne a ƙasa. In ya ce an saki, ki ce, "Malam, ina wasiƙar masu bututun, ina zanen safiyo?" Ki karɓi kwafi ki kai ofishin filaye a duba miki kafin ko naira ɗaya ta bar hannunki, har da kuɗin kafin alƙalami.