Wasiƙar uwa a Iwo Jima

A shekarar 2006 Clint Eastwood ya fitar da fina-finai biyu a kan yaƙin Iwo Jima na 1945, ɗaya ta idon Amurkawa, ɗaya ta idon Japanawa. Na biyun ne ya zauna mini a rai. Wani hafsan Japan ya tsinci wasiƙa wurin saurayin sojan Amurka da ya cika a hannunsu, ya karanta wa dakarunsa. Uwa ce ke ba ɗanta labarin gida. Sai kogon ya yi tsit, don kowa ya ji muryar mahaifiyarsa. Japanawa kimanin dubu 20 suka mutu a tsibirin, Amurkawa kusan dubu 7. Malamin da zai koyar da waɗannan alƙaluma ya tuna wa ɗalibansa cewa kowane mamaci ya bar mai jiran amsar wasiƙa a gida.