Daga Alli Zuwa Littafin Ciniki

Ranar da na shaida wa mahaifina cewa zan ajiye aikin koyarwa a Kudan in koma nazarin kasuwanci, sai ya ce, "Kai yaro, kada ka saki reshe ka kama ganye." Na rasa amsa, domin albashi, komai ƙanƙantarsa, tabbas ne.

Aikina na farko shi ne duba lissafin wata ƙungiyar manoman rake. Suna kai kaya kasuwar Makarfi, ciniki yana tafiya, amma riba ba ta zama. Na je musu da kwamfuta da dogon Turanci, suka yi mini gum. Sai na tuna da aji: ɗalibi ba ya buɗe baki sai malami ya saurare shi. Na zauna ina tambaya: nawa ne taki, nawa ne kuɗin mota, nawa ne la'adar dillali? A nan muka gano cewa idan rake ya cika kasuwa, gara a matse shi a dafa mazarƙwaila, wadda take jure ajiya, da a karyar da shi.

Da na ba mahaifina labari, sai ya yi murmushi, ya ce, "Ashe har yanzu malanta kake yi."