Zuwa ga Marigayi Adamu Halilu, Daga Bolari

Baba Adamu,

Allah ya jiƙanka da rahama, ya haskaka makwancinka. Daga unguwar Bolari a birnin Gombe nake rubuto maka, domin tun rasuwarka a 2001 akwai bashinka a wuyanmu, mu mutanen Arewa maso Gabas, har yau kuwa ba mu sauke ba.

Kai namu ne. A Garkida aka haife ka a 1936. Ka tafi Landan ka koyi sana'ar haɗa fim, a zamanin da yawancin mutanenmu ba su san fim ba sai majigin da motar gwamnati ke kawowa filin gari bayan isha'i. Ka dawo gida da ilmin, ka fara da fina-finan wayar da kai, sannan a 1976 ka ɗauki littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Shaihu Umar, ka mayar da shi fim da Hausa tsantsa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihu Umar.

Labari mai nauyi ka zaɓa, Baba. Yaro aka raba da uwarsa a zamanin cinikin bayi, aka ƙetara hamada da shi zuwa ƙasar Larabawa, ya girma ya zama malami. Uwar ta bar kome ta bi sawunsa, ita ma ta faɗa hannun masu sayar da mutane, ta wahala iyakar wahala kafin ta sake ganinsa. Ka sa muka dubi bautar da aka yi a ƙasarmu ido da ido, abin da da yawa suka fi son a rufe. Nijeriya ta gabatar da fim ɗin a bikin FESTAC na 1977 a Legas, ka bi bayansa da Kanta na Kabi, ka kuma shugabanci Hukumar Fina-finai ta Nijeriya.

Daga nan sai fim ɗin Shaihu Umar ya ɓace. Shekaru da dama yana cikin gwangwanaye, har aka ɗauka ya salwanta. Sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar hukumar. Cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Jamusawa suka zauna suna kallon Rauta ta ƙasar Bauci, garin da malamin ya zauna a labarin, alhali mu da sai 1996 aka cire jiharmu daga Baucin, yaranmu ko sunanka ba su taɓa ji ba.

A Bolari ana kallon fim kullum. Matasa na kai waya shago a tura musu na Kannywood da fassarar Indiya, wasu ma suna ɗaukar nasu da wayar. Idan ka tambaye su inda fim ɗin Hausa ya faro, mai ƙoƙari a cikinsu zai ce Turmin Danya na 1990. Ba laifinsu ba ne, abin da ba a nuna wa yaro ba, ina zai san shi? Da rashinka muka rasa haƙurin sana'a: a nemo kayan sawa na zamanin labari, a jira haske, a bar ɗan wasa ya yi shiru idan shirun ya fi magana.

Dubi yadda wasu ke riƙe aikin magabatansu: ƙasar Hangari mutanenta ba su kai miliyan 10 ba, amma ta gyara fina-finan daraktanta Miklós Jancsó, wanda ya rasu a 2014, ta fitar da su duniya ta sake gani. Masu jin Hausa sun ninka su sau da yawa.

Saboda haka ga alkawarin da ya kamata mu ɗaukar maka. Hukumar da ka shugabanta ta saki Shaihu Umar ya zagaya Arewa. Jami'ar Jihar Gombe ta sa shi cikin karatun ɗaliban Hausa. Mu kuma a Bolari mu nemi fili, mu kafa farin ƙyalle, mu kira matasanmu masu kyamara su zauna a sahun gaba, su ga aikin kakansu a sana'a.

Allah ya kai haske kabarinka, amin.

Ɗanka a son wannan sana'a,
daga Bolari, Gombe