Lambar da Modem Ke Jira

Idan aka soka ƙaramin modem na layin waya a kwamfuta mai aiki da Linux, sau da yawa yakan fara nuna kansa a matsayin faifai mai ɗauke da manhajar Windows, sai 'yar manhajar usb_modeswitch ta aika masa umarni kafin ya kama aikinsa na gaskiya. Ko bayan haka, kenal, wato zuciyar tsarin, tana gane yawancinsu ne da lambobi biyu, na kamfani da na samfuri. Idan babu su a jerin direbobi irin su option ko qmi_wwan, modem lafiyarsa ƙalau, amma zai yi zaman baƙon da ba a san gidansu ba. Abin da ke sa ni tunani shi ne gyaran kan zama layi guda tak, wanda wani ya ƙara a jerin ya tura, bai san su wa za su amfana ba. Wani zai ce wannan wahala ce ta 'yan ƙalilan, tunda waya ma tana raba intanet, kuma ƙa'idar MBIM ta 2011 ta rage bukatar irin wannan jeri. Haka ne, sai dai fitowar sabuwar ƙa'ida ba ta kawar da tsohuwar na'ura daga hannun wanda ba shi da kuɗin sabuwa, kuma shi ma ya cancanci a tuna da shi. Tsohon abu kuwa ba ya saurin gushewa: umarnin AT da kamfanin Hayes ya fito da su a 1981, shekara goma kafin Linux, har yau modem na 4G yana amsa su.